Gwaggo da Wasiƙun Matan Sojoji

Ɗalibai Gwaggo suke ce mata, ko da yake Farfesa aka rubuta a ƙofar ofishinta. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana koyar da tarihin Turai na zamani a aji guda, mai fanka mai ƙara da taswirar da ta koɗe.

Ba ita ta zaɓi fannin ba. Tarihin garinsu ta so rubutawa, sai malamin da ke duba aikinta, wani dattijo mai yawan tari, ya dire mata kwalin kwafin wasiƙun da matan sojoji suka aika wa mazajensu a Yaƙin Duniya na Farko. "Karanta goma kawai," in ji shi. "In ba su kama ki ba, dawo min da kayana." A ta huɗu, wata mata ke gaya wa mijinta jaririnsu ya fara haƙori. Gwaggo ta duba takardar da aka liƙa a baya: mutumin ya rasu kwana shida kafin a rubuta wasiƙar. Kwalin bai koma ba.

Saboda wasiƙun nan ta koyi harsuna biyu tana goyo. Mahaifiyarta takan ce, "Ke dai! Namu matattun ba su ishe ki ba, sai kin je aro?" Amma ita ɗin ce ta riƙe mata yara wata takwas da ta tafi bincike ƙetare. Da littafin da ta rubuta a kan wasiƙun ya fito, tsohuwar ba ta iya karanta shi ba, sai ta ajiye shi a kabad tare da kofunan baƙi.

Daga baya idon Gwaggo ya fara gazawa, rubutun hannu ya koma mata kamar tururuwa. Ta yi niyyar haƙura da binciken, sai shugabar sashe, tsohuwar ɗalibarta, ta shigo ta ja kujera. "Gwaggo, sau biyu kika kayar da ni a jarrabawa, yau zan rama. Miƙo takardun, ni in karanta, ke ki yi gyara." Haka suka yi duk Laraba, shekara uku, har littafi na biyu ya kammala.

Ranar ritayarta ta zo da jawabi shafi huɗu. Ta dubi zauren cike da ɗalibanta, wasu har da furfura, sai ta ninke takardar. "Allah Ya saka muku da alheri," ta ce. "Ni kam an yi min komai." Ta zauna tana share ido da gefen mayafi.