Senawi Mai Wutar Jirgin Fito

Kawuna Senawi bai iya zama ba. Shinkafa ma a tsaye yake ci, yana leƙen taga.

Shekara ashirin da shida ya yi yana zuba kwal a tukunyar Bunga Kantan, jirgin fito mai tururi da ke tsallakar da motoci tsakanin tsibirinmu na Penang da gaɓar Butterworth. Yana can ƙasa tsirara daga ƙugu zuwa sama, bai taɓa ganin fuskar fasinja ba, amma daga nauyin jirgin yakan faɗi yawan lodin da ke samansa.

Da aka kawo jirage masu shan dizal, aka ja Bunga Kantan aka ɗaure a wani lungun ruwa. Shi kuma aka ba shi kujera a ƙofar yagar tikiti. Kwana tara ya yi ya gudu. Ya gwada tuƙa keken haya, ya gwada sayar da soyayyar ayaba, ya gwada tsagar itatuwan roba, duk babu wanda ya kai wata biyu.

Matarsa Rokiah ta ce, “Maigida, ka zauna mana, ka cinye min tabarma da sintiri!”

“In na zauna bayana sanyi yake yi.”

“To shiga murhu.”

Wata safiya sai ga Velu, tsohon matuƙin jirgin, ya ce wani mai injin yankan katako a Perak ya saye shi don tukunyar, amma mutum uku sun kasa tada wutar.

Ya ce wa Kawu, “Kai tsoho, hannunka na nan ko ya ruɓe?”

“Naka ne ya ruɓe. Ina shebur?”

Kafin la'asar hayaƙi ya turnuƙe lungun. Kwana biyu suna bin gaɓa, jirgin na tari yana yoyo, har suka shiga wani kogi a Perak. Nan aka cire tukunyar aka girka a tudu, gangar jikin kuma aka yanka aka sayar.

Velu ya dawo, Kawu bai dawo ba. Ya aiko wa Rokiah cewa tukunyar ba ta san kowa a can ba. Shekara biyar yana ciyar da tukunyar da garin katako, sai sallah yake leƙo mu, ya kwana ɗaya ya fara neman takalminsa.

Da lantarki ya isa wurin, aka kashe wutar. Ya dawo gida da tari mai nauyi, ya rasu a damina ta biyu. Rokiah ta rayu shekara goma sha ɗaya bayansa.