Ganyen Tsamiya a Rijiyarmu

Rijiyar gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi ba ta taɓa ƙafewa ba ina yaro, ko da tsakiyar bazara. Wata tsohuwar tsamiya ce ke mata inuwa, bayan katanga kuma akwai kududdufi da itatuwan darbejiya suka kewaye. Matan layinmu duk a wurinmu suke jan ruwa.

Laifin tsamiyar ɗaya ne: ganyenta na zuba cikin rijiya. Bayan rasuwar Baba, ƙanensa Baffa ya karɓi ragamar gidan, ya ce wannan ƙazanta ce. Mahaifiyata ta ce, "Alhaji, a yi wa rijiyar murfi mana." Ko kallonta bai yi ba. Ya kawo masu gatari, sannan ya sa aka malale tsakar gida da siminti har zaure. Maƙwabta suka yi ta yabo, wai gida ya yi fes. Ba a jima ba aka sare darbejiyar, aka cike kududdufin da shara, aka yanka filaye.

Yanzu in an yi ruwan sama ba shi da inda zai nutse. Sai ya cika kwata, ya kwaso ledoji, ya shigo mana ɗaki. Guga kuwa ya koma ɗebo laka, daga baya ko lakar babu.

Baffa ya samu abin da yake so, babu ganye ko ɗaya a rijiyar. Murfin ma an yi mata daga ƙarshe. A kansa muke jera jarkokin da muke saya wurin 'yan garuwa.