Burtalin da Ya Bi ta Gonar Babana

Shekarar da aka ɗauke ni ƙaramar malama a sashen koyar da shari'a a Sakkwato, abin da na iya kawai shi ne hadda. Ina iya kawo hukuncin kotu da sunan alƙalin da ya yanke shi ba tare da na duba littafi ba, don haka na ɗauka na san aiki.

A sashen namu akwai wata Farfesa, mutuniyar Zuru, Kirista, doguwa, ba ta da yawan dariya. Ta yi shekaru tana aiki a wata kotu ta ƙasashen yankinmu kafin ta dawo koyarwa. Ita ta kafa taron ƙara wa juna sani na kowace Laraba bayan azahar, don mu ƙananan malamai da masu neman digiri na gaba. Abin da ake tattaunawa shi ne dokokin da ƙasashe ke haɗuwa su yarda su ɗora a saman dokar kowace ɗayansu, yadda ko gwamnati ba ta so, dole ta bi. Mu tara ne, mata biyu. Muna zama a wani ɗan ɗaki mai fanka ɗaya da allo da ya tsage a gefe. Kowane mako mutum ɗaya zai gabatar da abin da yake bincike a kai, sauran su yi masa tambayoyi.

Da layi ya zo kaina, na shirya takarda a kan wata kotun ƙasashen Turai da yadda hukuncinta ke danne na kotunan cikin gida. Sati uku na yi ina rubuta ta. Na karanta tun daga farko har ƙarshe ban yi tuntuɓe ba. Abokan aikina suka gyaɗa kai. Farfesa ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur.

Ta ce, "Kin yi karatu. To faɗa mana mutum ɗaya da kika taɓa gani da idonki wanda irin wannan doka ta taɓa rayuwarsa."

Na fara kawo sunan wani ɗan kasuwa da ke cikin shari'ar da na ambata, ta ɗaga hannu ta ce ba na cikin littafi ba. Ban san minti nawa na yi a tsaye ba, amma na tuna zufa na bin bayana a cikin hijabi.

Bayan an tashi ta ce in tsaya. Na zaci faɗa za ta ƙara, sai ta tambaye ni garinmu. Na ce Wurno. Ta tambayi sana'ar mahaifina, na ce noman albasa yake yi da rani, da ruwan madatsar Goronyo.

Ta ce, "Kafin ruwan ya iso madatsar, daga ina yake?"

Na ce ban sani ba.

"Je ki gida ki tambaye shi. Kada ki tafi da littafi ko ɗaya. Na ba ki wata guda."

Ranar Juma'a na shiga motar Wurno raina a ɓace. Gani nake an wulaƙanta ni, an mai da mai digirin shari'a 'yar aike. Na tarar da Baba a fadama, wando a naɗe, yana buɗe wa fangalin albasa ruwa da fartanya. Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Ya ce, "Uwata, mi ya kawo ki tsakar aiki? Ko sun kore ki?"

Na gaya masa abin da ya faru a taron, da tambayar da aka aiko ni da ita. Ya yi dariya har ya dafa fartanya.

"Wanga ruwa matafiyi na," in ji shi. "Wani reshe nai daga ƙasar Katsina shika tashi, shi shiga Nijar, shi ratsa Maraɗi, sannan shi komo muna. In anka yi ruwa da yawa can, mu ka ganin shi nan. Amma in dokar ƙetare kika biɗa, ba ruwa za ki tambaya ba, ruwa ba shi magana. Gobe in kai ki wurin mai magana."

Washegari da safe muka hau mota zuwa Goronyo, daga nan muka hau kabu-kabu biyu zuwa Shinaka. A bayan garin wani dattijon Bafulatani ya kafa ruga. Abokin Baba ne tun kafin a haife ni, kuma na san shi da ƙuruciya, don kowace shekara bayan kaka shanunsa kan kwana a gonar geronmu, su ci kara su bar mana taki. Baffa muke ce masa. Abin da ban taɓa sani ba shi ne, ba ɗan Najeriya ba ne. Damina a arewacin Maraɗi yake yin ta. In ciyawa ta bushe can sai ya biyo gulbi, ya yi zango kusa da tafkin madatsar, sannan ya gangara Wurno har zuwa ƙasar Rabah.

Aka shimfiɗa mana tabarma, matarsa ta kawo nono da fura. Da Baba ya yi masa bayanin abin da nake nema, Baffa ya sa hannu cikin rigarsa ya fito da wata leda da aka naɗe da zare. Ya warware ta a hankali. A ciki akwai takarda mai hatimi da yawa, an rubuta ta da Faransanci da Turanci. Ta ƙunshi sunansa, da yawan shanunsa, da allurar rigakafin da aka yi musu, da wurin da zai ƙetare iyaka, da hanyar da zai bi.

Ya ce, "Ban iya karanta ta ba, ɗiyata, amma na san aikinta."

Ya ba mu labarin wata shekara da wani sabon ma'aikaci ya tsare shi a kan iyaka kwana biyu, ya ce shanun baƙo ba za su shigo ba. Shanu suna kuka da ƙishirwa, maruƙa biyu suka kwanta. A rana ta uku wani likitan dabbobi, mutumin Filato, ya zo wucewa. Ya karɓi takardar ya karanta, ya ce wa ma'aikacin wannan ba dokar Nijar ba ce, ba kuma ta Najeriya kaɗai ba, ƙasashen yankin ne duka suka sa hannu a kanta, ba mai ikon ture ta a bakin shinge. Aka ɗaga sanda, shanu suka wuce. Baffa ya ce har yau yana sa likitan nan a addu'a, ko sunansa bai sani ba.

Na karɓi takardar na duba. Yarjejeniyar da ta haife ta na taɓa karanta ta a aji, na amsa tambaya a kanta a jarrabawa, na manta. Ga ta nan tana warin nono da hayaƙi.

Na tambaye shi ko takardar na yi masa duk abin da ta ce. Ya dubi Baba. Baba ya ce masa ya faɗi, ba baƙo a nan.

Baffa ya ce, "Ta buɗe min iyaka, amma ba ta buɗe min mashaya ba. An ce a bar wa shanu burtali har bakin ruwa. Tun da noman rani ya zo, burtalin Wurno ya zama albasa. Sai mun yi zagaye na rabin yini kafin dabba ta sa baki a gulbi."

Na juya wurin Baba don in tambaye shi gonakin su wane ne. Kafin in yi magana ya riga ni.

"Gonata ta gabas bisa burtalin take," ya ce. "Da anka raba filaye ita anka ba ni, na karɓa, na kuma san abin da ke wurin. Da albasarta na biɗa miki boko."

Ban san inda zan sa idona ba. Baffa ya ce shi bai taɓa riƙe Baba a rai ba, kowa abincin iyalinsa yake nema. Suka koma hirar farashin maganin tsutsa kamar ba a ce komai ba.

A mota muna komawa na ce wa Baba zan rubuta labarin takardar da na kan iyaka, in bar maganar burtali.

"In kin bar ta, kin yi ma malamarki ƙarya," ya ce. "Rubuta. Ki ce gonar ubanki ta."

Na ƙara kwana biyar a gida. Na bi tsohon burtalin da ƙafa tare da Baba, yana nuna mini inda ya faro da inda ya ɓace. Na zauna da manoma huɗu da gonakinsu ke kansa. Ɗaya ya ce ba ruwansa da takardar da aka rubuta da Faransanci, shi da Hausa aka ba shi fili.

Ranar Larabar da na koma gaban taron, ban karanta komai ba. Na zana gulbin a allo, na zana iyaka, na zana burtali, na sa alama a gonarmu. Na faɗi abin da yarjejeniyar ta ce, da abin da na gani. Wannan karon ba wanda ya gyaɗa kai. Wani abokin aikina ɗan Rabah ya taso mini da ƙarfi. Ya ce dokar da ba ta da ɗan sanda ba doka ba ce, nasiha ce, kuma shanun baƙi sun taɓa cinye wa kawunsa wake kwana uku kafin girbi, wace kotun ƙasashe ce ta ji kukansa? Na ce masa ban da cikakkiyar amsa. Wata ta tambaya ko manomi na da hurumin kai ƙara a ƙarƙashin yarjejeniyar, ko makiyayi kaɗai ta sani. Muka wuce lokacin tashi har aka kira la'asar.

Farfesa ba ta sa baki ba sai a ƙarshe. Tambaya ɗaya ta yi, ko mahaifina ya yarda a ambaci gonarsa. Na ce shi ya umarce ni. Ta rubuta wani abu a littafinta, ta ce in kawo mata rubutun ranar Litinin, kuma in sa ƙorafin ɗan Rabah a ciki da ƙarfinsa, kada in rage masa gishiri.

Sau shida ta maido mini da rubutun nan cike da jan biro. Akwai ranar da na shiga banɗakin malamai na yi kuka. Akwai kuma ranar da ta zaunar da ni a ofishinta tun daga hantsi har azahar muna gyara sakin layi biyu, ta bar nata aikin a gefe. Ita ta haɗa ni da wani malamin Faransanci ya duba mini fassarar yarjejeniyar, ita kuma ta tura sunana zuwa wani taron matasan masu bincike a Yamai. Da Baba ya nuna damuwa a kan tafiyar mace ita kaɗai, Farfesa ta shiga mota ta zo Wurno da kanta. Ta zauna a zaure suka gaisa, ta ce masa tare za mu je, ɗaki ɗaya za mu kwana. Baba ya ce in haka ne ba magana.

A ranin da ya biyo baya Baba ya bar fangali biyu a gefen gonar gabas bai dasa ba. Maƙwabta uku suka yi yadda ya yi. Na huɗun ya ƙi, don haka hanyar ta tsinke a wuri ɗaya, sai makiyaya su yi ta tare shanu da sanda suna wucewa ɗaya bayan ɗaya ta bakin kwatar ban-ruwa. Duk da haka zagayen rabin yini ya koma na ɗan lokaci. Baffa ya bi ta nan shekara huɗu. Daga baya da hare-haren 'yan bindiga suka yi yawa a wajen Shinaka, ya daina zuwa. Mun sami saƙo ta bakin wani mai sayar da kanwa cewa yana nan da rai, ya tsufa, ya bar wa 'ya'yansa garken.

Da aka buga takardata a mujalla na kai wa Baba kwafi. Ya juya ta gaba da baya, ya ce in karanta masa da Hausa. Muka zauna a inuwar darbejiya a ƙofar gida bayan sallar azahar, ina karanta jimla da Turanci a zuci ina faɗa masa da baki. Bai katse ni ba sai a shafi na tara.

"Tsaya, Uwata. Kin ce shanu na sauka in anka yanke gero. Ba haka ba ne. Sai an kwashe dawa. In sun sauka lokacin gero, ai yaƙi za a yi."

Na duba, haka na rubuta. Mutum uku masu manyan digiri sun tantance takardar, ba wanda ya gani. Na buga wa Farfesa waya a nan take na gaya mata, ina jin kunya. Karon farko ke nan da na ji ta tana dariya sosai. Ta ce in ba ta Baba. Na miƙa masa wayar, ya riƙe ta nesa da kunne kaɗan yadda ya saba, suka yi ta gaisuwa. Sai na ji yana yi mata bayanin bambancin gero da maiwa da dawa, da watan da ake girbe kowanne, ita kuma tana ta jefo masa tambayoyi. Na tashi na shiga cikin gida na ɗebo masa ruwan alwala, na dawo na tarar ba su gama ba.

Dukansu biyu yanzu sun rasu, ita a Zuru, shi a Wurno, tsakaninsu wata bakwai. Allah Ya saka musu da abin da suka yi mini.