Karen da ya bi Ilu

Ni na tsinci Ɗan Baƙi yana kwikwiyo a bayan rumbunmu a Kafinsoli. Ni nake zuba masa ƙanzo a tsohon kasko, ni nake canza masa ruwa. Amma hannuna bai taɓa sauka a jikinsa ba. An gaya mini yawun kare ƙazanta ne, ni kuwa tun ina yaro ƙaramin abu ke hana ni sukuni. Da kara nake tura masa kaskon. In ya matso sai in ja baya, in je in wanke ƙafa ko da bai lashe ni ba.

Shekarar da Turawa suka kwashi mutane aikin kuza, aka tafi da ƙanen babana, aka kawo ɗansa Ilu daga Dudunni ya zauna da mu. Ilu bai taɓa ba karen ko loma ba. Zama kawai yake yi yana cire masa kaska daga kunne, ya shafa toka a wurin, in an kira salla ya wanke hannu. Kafin a yanke gero, kare ya daina zuwa in na kira.

Lokacin sanyi, bayan an ci tuwo, kakarmu Inna Dije takan hura wutar kara a tsakar gida tana kaɗin auduga, mu kewaye ta. Ran nan kare ya kwanta a ƙafar Ilu, na ce an yi mini ƙwace.

"Malam mai buta," in ji ta, "da karen kake kishi ko da ɗan'uwanka?"

Sai ta jawo tatsuniya, muka ce ta zo mu ji. Wai wani attajiri ne kullum yake sa a jefo wa wani kare nama ta kan katanga, kare bai taɓa ganin fuskarsa ba. Wani makiyayi kuma ba ya ba shi komai, sai dai in ya taka ƙaya ya cire masa. Suka yi gardamar mai kare, alƙali ya ce kowa ya kira. Kare ya wuce attajiri, ya je ya kaɗa wa katanga wutsiya, sannan ya bi makiyayi.

Yara suka yi ta dariya, ban da ni. Na tambaye ta ko ba a cuci attajirin ba.

"An cuce shi mana, mijina. Amma karen bai san an yi ba."

Da baban Ilu ya dawo, ya zo ɗaukarsa. Babana ya ce ba za a ɗaure kare ba, inda ya zaɓa nan ne gidansa. Da safen tafiyarsu na cika kasko, na miƙa wa karen hannu a karon farko. Ya sunsuna, na ji hucinsa a yatsuna, sai na janye. Ya cinye abincin tas, ya bi jakinsu.

Na daɗe ina cewa butulci ne. Sai da na girma na gane wankewa kawai ake buƙata, Ilu bai rasa salla ko ɗaya ba. Yanzu ina da 'ya'ya, ba su taɓa kwana da yunwa ba. Amma in Ilu ya zo suka rufe shi, wannan a wuya wannan a cinya, sai in ji abin nan ya taso mini kamar jiya. Nakan tsaya a ƙofar ɗaki ina tunanin ko rigata za ta ɓaci. Daga baya in je in zauna tare da su a tabarma.