Yatsan Gwada Sabulu

Wata dattijuwa 'yar ƙabilar Ibo ce ta koya mini haɗa sabulu, a bayan gidanta da ke Sabon Gari. Mama nake ce mata. Kullum da safe nake tahowa daga unguwar Kwaciri. Ba ta da ma'auni sai yatsanta: ta dangwali haɗin, ta murza, ta ce soda ta yi yawa ko man alayyadi ya yi kaɗan. Sodar takan ɗan ci fata, kwana biyu wurin ya warke.

Da shekaru suka ja, nata ya daina warkewa. Yatsan ya tsage, ya ƙi rufewa.

Sai 'yarta ta zo hutu. Aikinta renon ƙwayoyin jikin mutum a ɗakin bincike, tana ɗiga musu sinadari kaɗan-kaɗan ta ga yadda za su yi. Lokacin na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfurata, komai sai na tambaya.

Na ce, "Ke, yi mini bayani da Hausa. Sodar nan dai ba ta canja ba."

Ta ce, "Anti, fatar ce ta canja. Kowace ƙwaya tana ɗauke da umarnin gyara kanta. Ta yaro, da ƙuna ta ɗan taɓa ta, sai ta buɗe umarnin ta hau gyara. Ta tsoho takan buɗe wani ta bar wani, ga kuma jinkiri. In Mama ta ci gaba, wannan zai zama gyambo."

Mama ta ce, "To su sun yi ritaya, ni ban yi ba."

Aka sayo mata safar hannu. Ta sa, ta dangwala, ta ce ba ta jin komai. Ranar sabulun ya fito ruwa-ruwa. Ta zauna gefen baho tana jujjuya shi da ludayi. Washegari na tarar ta cire safar, tana shirin tsoma yatsan.

Na riƙe hannun. Na ce, "Mama, taurin kai zai cinye miki hannu. Matsa." Na tsoma nawa. "Da santsi, da ɗan cizo a ƙarshe."

"Cizon sauro ko na cinnaka?"

"Na cinnaka."

"Ƙara mai, ludayi guda. Kada ki yi mini ambaliya."

Haka muka ci gaba, yatsa nawa, hukunci nata. Kafin damina ta fita nata ya rufe, ba ta ƙara tsoma shi ba, ko da yake kullum sai ta ce nawa yatsan kurma ne.