Ondilar da Muka Ɗauka Mu Biyu

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki, ita ce shekarar da hatsi ya ƙi a ƙasarmu. Ruwa ya ɗauke tun hatsi bai yi ido ba, gonaki daga Mayahi har Urafane suka tsaya kara zalla. A lokacin ina aiki a ɗan gidan rediyon garinmu, ɗaki biyu da dogon ƙarfen eriya, a bakin hanyar Tasawa. Ni ke gabatar da shirin mata da hantsi, maigidana kuma shi ne mai kula da injuna. Tare muke fita, tare muke komawa, har matan unguwa suna mana tsiya wai raƙumi da akala. Ban taɓa tambayarsu wane ne raƙumin ba.

Juyin mulki bai canza mana komai ba sai kiɗan soja da aka ce mu riƙa sakawa kafin labaran Yamai. Abin da ya dame mu a wurin aiki wuta ce. Daga wani tsohon injin gazuwal, wato janareta mai shan man dizal, take zuwa, shi kuwa mutuwa yake yi ba gargaɗi. Sau nawa ina tsakiyar koya wa mata haɗa ruwan gishiri da sukari, sai ɗif, na zama mai magana da bango. Wata rana wutar ta ɗauke ta dawo da ƙarfi, ta ƙone mana injin watsa murya, muka yi makonni shiru.

Bayan wannan ne wata ƙungiya ta aiko mana da ondilar daga Maraɗi. Baƙin akwatin ƙarfe ne mai faɗi, cikinsa batura, nauyinsa ya kai na buhun hatsi ko ya fi. Aikinsa ya riƙe wuta na ɗan lokaci idan ta ɗauke. Wurinsa a cikin doguwar armuwar, wato kabad ɗin ƙarfe da injunanmu ke jere a ciki hawa-hawa. Ya iso, aka ajiye shi a kusurwa cikin kwalinsa, ya yi kwanaki a nan, domin babu mai ɗagawa. Maigadi ya tafi ci-rani, saurayin da ke saka kaset ya tafi, shugabanmu kuma dattijo ne mai ciwon baya. Garin ya zama na mata da tsofaffi.

A cikin kwanakin nan maigidana ya gaya mini shi ma zai tafi. Shi ne babba a gidansu, rumbunan mahaifinsa a ƙauye sun koma ɗakin ɓeraye, an sayar da shanun huɗa, baki kuwa ba ya jiran damina. Ya ce zai bi kamiyon arewa, babbar motar kaya, ranar kasuwa, ya tsallake hamada, ya yi aikin wuta a can shekara ɗaya. Na ce ga Kano nan kusa, ga Katsina. Ya ce kowa can ya nufa, wuri ya cika. Na ce to aikinsa fa? Ya ce aikin da ba ya ciyar da gida biyu.

Na san gaskiya ya faɗa, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Na sha kunu, na daina yi masa magana sai ta dole. Tuwo zan ajiye in juya. Har yau ban ce fushin nan ba shi da dalili ba: da abokansa ya gama shawara, ni sai labari aka kawo mini.

Ana jibi tafiyarsa, bayan na gama shiri, ya tsaya a ƙofar ɗakin mikro yana murza hula.

"Madan, hannu ɗaya ba shi ɗaukar jinka. Ki kama mani abin ga in ɗora shi kahin in tahi."

"Ka kira waɗanda kuka yi shawara da su mana."

"Duk sun riga ni gaba," in ji shi.

Na tashi don rediyon, ba don shi ba. Haka na gaya wa kaina.

Mutum ne da ba ya gaggawa da wuta. Ya fara sauke babban makunnin gidan, ya ɗaura masa tsumma don kada wani ya zo ya tayar. Sannan ya cire agogonsa, ya miƙo mini tafin hannu.

"Awarwaro da zobe. Batir bai san wasa ba, ƙarhe ya taɓa kawunansa sai wuta."

Na zare su ɗaya-ɗaya ina zuba masa a hannu, ban dube shi ba. Tun ranar aurenmu ban cire awarwaron nan ba, hannuna ya yi mini wani iri. Ya zuba su a aljihun gaban rigarsa, duk motsin da ya yi ina jin ƙararsu.

Ya buɗe fuskar akwatin ya zaro baturan gefe guda, don nauyin ya ragu. Ya ɗaure ƙarafa biyu a can ƙasan armuwar, waɗanda akwatin zai zame a kansu, ya jijjiga su, ya sake matse kusoshin. Na ce me zai hana a sa shi sama inda hannu ke kaiwa, ba sai an durƙusa ba. Ya ce mai nauyi ƙasa yake zama, in aka ɗora shi sama, ranar da aka jawo shi armuwar gaba ɗaya za ta kifo a kan mutum. Ya janye ta kaɗan daga bango, ya ce abin yana son iska ta bayansa, kada in bari mai shara ta jingina tabarma a wurin.

"Kama nan. Kada ki duƙa da baya, durƙusa kamar za ki ɗauki tulu. In na ce bismilla, tare."

Muka ɗaga. Ko da babu batura, sai da na ji shi har cikin ƙuguna. Fuskarsa na daf da tawa, ina jin numfashinsa, gumi na bin gemunsa. Gefena ya so ya karkace, ya ce, "Ina riƙe, gyara hannunki," ya tsaya da nauyin duka har na gyara. Muka ɗora a kan ƙarafan, muka tura, ya shige sumul. Na ɗan jima ban saki ba, shi ma haka.

Sai ya ja wata waya mai kore da rawaya, ya ce ita ake fara ɗaurawa kafin kowace, ita ke kai muguwar wuta cikin ƙasa. Ya bi da ni bayan ɗaki ya nuna mini inda ta ƙare: sandar jan ƙarfe da ya kafa a rami, ya cika shi da gawayi da gishiri. Ya ɗauko bokitin ruwa ya juye a kai. Ruwan da na yi layi tun asuba a bakin rijiya kafin in samu!

"Awaki na mutuwa da ƙishi, kai kana shayar da ƙarhe?"

"Busasshiyar ƙasa ba ta karɓar wuta. In ta ƙi karɓa, mai riƙe da mikro za ta nema. Kowace Juma'a ki zuba mashi, ko na wanke-wanke ne."

Mai riƙe da mikro ni ce. Na gane, amma na yi kunnen uwar shegu.

Batura su ne na ƙarshe. Ya mayar da su, ya rufe, ya kunna wuta, ya ce a bar shi ya sha caji har gobe kafin a jona masa komai. Ya yi mini kashedi kada a jona masa fanka ko abin dafa ruwan shayin shugaba, injin murya da mikro kawai. Washegari ya gwada: ya sauke makunni ina kan magana, akwatin ya fara kuka, tit, tit, muryata kuwa ba ta yanke ba. Na tambaye shi, da ƙyar, ko zai riƙe har ƙarshen shiri.

"A'a. Bai daɗewa. In kin ji kukan ga, ki yi ma mutane sallama, ki kashe injin murya, sannan sauran. Abin da aka yi shi dominsa ke nan."

Ranar kasuwa da asuba ya ɗaure buhunsa. A wurinmu mai doguwar tafiya ba ya fita sai ya nemi gafarar mutanen gida, kowa ya ce ya yafe, shi ma ya yafe musu, domin ba a san abin da hanya za ta yi ba. Mace kuma ba ta raka miji tasha. Ya gama da yara, ya zo ya tsaya a bayana ina shara.

"Uwar ɗiyana, ki yahe mani."

Na ci gaba da shara. Rabi fushi rabi kuka, na san in na buɗe baki kukan ne zai fito. Ya jira, ya sake faɗa. Sannan na ji takunsa ya bi zaure.

Da hantsi ina gaban mikro, ban san ma abin da nake karantawa ba. Ta taga na hango kamiyon ya fito daga kasuwa, maza a saman kaya kamar tsuntsaye a reshe, ya miƙe arewa. Ko ƙurarsa ba ta kwanta ba injin gazuwal ya mutu. Fanka ta tsaya, ɗakin ya yi duhu, akwatin ya fara kukansa. Jar fitilar mikro kuwa tana nan a kunne.

Na ajiye takardar. Ban taɓa kiran sunansa ba ko a cikin ɗaki, balle a kunnen ƙasa duka. Na ce, "Jama'a, wuta ta ɗauke, za mu yi sallama. Amma akwai wani a kan kamiyon arewa da ya tambaye ni abu da asuba ban ba shi amsa ba. Malam, na yahe. Duniya da lahira na yahe. Ni ma ka yahe mani. Allah shi kai ka, Allah shi maido ka." Muryata ta karye a nan. Na kashe injin murya, sannan sauran, yadda ya ce.

Kafin azahar babu gidan da zancen bai shiga ba. A bakin rijiya mata suka riƙa ce mini "na yahe", suna dariya, wasu kuma suna share ido da bakin zane, don nasu mazan ma suna kan kamiyon nan. Uwar mijina ta aiko daga ƙauye wai na zubar musu da kunya, daga baya ta aiko mini da kuka da daddawa.

Wayar hannu ba ta iso garinmu ba a lokacin, labari sai a bakin matafiya. An ce an gan shi a Agadas yana jiran mota. Daga nan babu wanda ya sake cewa ya gan shi. Damina ta zo ta yi kyau, sojoji suka koma bariki, maza suka riƙa dawowa ɗaya-ɗaya, ina gaishe su ta rediyo gida-gida. Ina kewarsa har yanzu, kewa irin wadda ba ta tsufa.

Da direban kamiyon ya sake biyowa ta garinmu, na ajiye kunya na same shi a tasha. Na tambaye shi ko rediyonsa na kunne ranar nan.

"Wallahi Hajiya, rediyon matona ya mutu tun bara." Ya ga yadda fuskata ta yi, sai ya ƙara da cewa, "Amma yaron mato ya ce akwai wani bisa kaya da ɗan rediyo manne ga kunne, har ya sa aka yi mashi shiru."

"Wace irin riga gare shi?"

"Kowa ya naɗe huska da rawani, Hajiya. Wa zai gane wani?"

Na yi masa godiya na juyo. Yaron motar na nan zaune a gindin taya yana cin gyaɗa, taku kaɗan tsakanina da shi. Na wuce shi ban tsaya ba, don kada ya ce mini wani ne daban.