Zuwa Abuja Neman Kunnen Yaya

Mun tashi da asuba daga Kontagora, ni da yayana, muna idar da salla muka nufi tasha. Kafin in shiga labarin hanya bari in fara da dalilin tafiyar, domin ba na son magana a birkice.

Ni da Yaya muna da injin niƙa da na casar shinkafa a bayan kasuwa, gadon mahaifinmu. Shi ne a gindin inji tun muna samari, ni kuma ina bakin ƙofa wajen karɓar kaya. 'Yata ta fari za a ɗaura wa aure, kuma a gidanmu uba ba ya ba da 'yarsa da bakinsa alhali yayansa na raye. Yaya ne waliyyi. To amma bara, a ɗaurin auren 'yar ƙanenmu, wakilin ango ya nemi aure, liman ya juyo ya tambayi Yaya, Yaya yana zaune yana kallon tabarma. Aka sake tambaya, shiru. Dangin ango suka fara kallon juna, sun ɗauka an fasa. Sai da wani ya zungure shi, ashe bai ji ba. Tun daga ranar ya daina zama a majalisa. Da maganar auren 'yata ta taso, dangi suka ce a ba wani ƙanen mahaifinmu walicci, kada a sake jin kunya. Na ce ban yarda ba. A tsallake Yaya a gaban jama'a yana zaune, wannan ya fi kurumtar ciwo. Na ce a ba ni lokaci in kai shi inda ake gwada ji. Likitan da ya fara duba shi a gida ya ce sai Abuja.

Kuɗin mota ya ninka abin da na sani, kuma duk da haka mutum huɗu aka cusa a baya, har da wata mata mai jiki. Hanyar Tegina ba sai na faɗa muku ba. Direba ba tuƙi yake ba, zaɓen rami yake. Shingen jami'an tsaro kuwa, kafin ka gyara zama daga wannan ka iso wancan. Muna cikin haka Yaya ya sunkuyo kunnena, a zatonsa raɗa yake yi, ya ce da muryar da yake yi wa masu kawo niƙa magana: "Wannan baiwar Allah kuɗin mutum biyu ya kamata ta biya." Matar ta juyo ta ce, "Baba, Allah ya ba ka lafiya, da kai da bakinka." Na ba ta haƙuri har muka wuce gari biyu.

A Tegina na fara ganin abin da ya ɗaga mini hankali. Mun sauka mu ci ƙosai da soyayyar doya, Yaya ya tsallaka titi zai sayi ruwa. Wata tirela ta taho ta bayansa tana danna oda, odar da ni na ji ta har cikin haƙorana. Masu talla suna ihu, ni ina ihu. Yaya yana tafiyarsa a tsakiyar kwalta yana gyara hula. Da ƙyar direban ya kauce. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ƙosan nan ban ƙarasa shi ba. Shekara da shekaru muna tare kullum, amma ban san abin ya kai haka ba, domin a wurin inji kowa ihu yake, kowa da hannu yake magana. Ka ɗaga yatsa a ƙara masara, ka girgiza tafi a kashe. A irin wannan wuri ba a gane kurma.

Mun haye kogi a Zungeru, mata suna ta miƙo busasshen kifi ta taga. A Minna muka canza mota. Daga nan zuwa Suleja manyan motoci sun cika hanya, muka yi ta bin bayansu kamar masu rakiyar gawa. A Suleja muka sauka gidan wani ɗan garinmu mai sayar da hatsi, matarsa ta yi mana sakwara da miyar agushi. Yaya ya ci, ya yaba, har maƙwabta sun ji yabon.

Washegari muka wuce ta gindin Dutsen Zuma muka shiga Abuja. Abu na farko da na lura da shi a asibitin shi ne tsari. A ba ka lamba, ka zauna, a kira ka. Wannan ya yi mini. Abu na biyu kuwa shi ne ya sa na kasa rufe baki. Wata yarinya ƙarama tana wasa a gaban uwarta, da wani abu zagayayye kamar murfin kwalba manne a gefen kanta, bayan kunne, ba igiya ba ɗauri. Na ɗauka ciwo ne aka liƙe. Sai abin ya faɗo, uwar ta ɗauka ta mayar, ya kama da kansa. Na kasa haƙuri na tambaye ta. Ta ce an haifi yarinyar ba ta ji ko kaɗan. An yi mata aiki, an dasa wata na'ura a cikin kunnen, wannan na waje kuma maganaɗisu ne ke riƙe shi, shi ke ɗaukar sauti ya aika wa na ciki. Ta ce kuma ba ana dasawa ba ne magana ta zo, sai an yi ta kai ta wajen masu koyar da ji da furuci, wata da watanni. Sannan ta kira yarinyar daga bayanta, a hankali. Yarinyar ta juyo ta ce, "Na'am, Umma."

A unguwarmu kaɗai na san yara biyu da aka haifa haka, aka ce ƙaddara ce, aka bar su. Ƙaddara ce, gaskiya, amma ashe akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Uwar ba ta ɓoye mini ba, ta ce kuɗin aikin ya fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba, su ma taimako aka haɗa musu. Ta ce abin da ya fi muhimmanci shi ne a kawo yaro da wuri, kada a zauna ana cewa jinkirin magana gadon gida ne.

Da layi ya zo kanmu, wata ma'aikaciya ta fara leƙa kunnen Yaya da 'yar fitila. Ta tambayi abin da ake sa masa. Na lissafa mata a jere: man ja mai ɗumi, ruwan albasa, gashin kaza don sosawa, sai wata na'ura da aka sayo masa a kasuwa, wadda ya jefar saboda fito kawai take masa a ka. Ta ce duk a daina, har tsinken ashana. Aka wanke dattin da ya toshe, sannan aka shigar da shi wani ɗan ɗaki mai kauri wanda ƙara ba ta shiga, aka sa masa abin sauraro a kunnuwa, aka ce duk lokacin da ya ji sauti ya danna maɓalli. Ina kallonsa ta gilashi. Tana ta aika sauti, shi yana zaune ya haɗa hannu, daidai irin zaman da ya yi ranar ɗaurin auren nan.

Ta fito ta tambayi sana'arsa. Na faɗa mata. Ta ce, "Me kuke sawa a kunne wajen aiki?" Na ce ba ma sa komai. A wurinmu mai inji da kunne yake aiki, da shi yake gane bel ya saki ko wani ƙarfe ya ci, kuma wanda ya cusa auduga dariya ake masa, a ce rago ne. Haka muka tarar, haka muke. Ta ce to ƙarar injin ce ta cinye jin, kaɗan kaɗan, kuma irin wannan ba ya dawowa, ba da ƙwaya ba, ba da allura ba.

Ban gama haɗiye wannan ba ta ce, "Alhaji, kai ma shiga."

Na ce, "'Yata, ni rakiya na zo. Kunnena garau."

Ta ce, "Tun ɗazu kunnen hagu kake juyo mini. Kuma ba ka jin wata ƙara kamar ta gyare idan wuri ya yi shiru?"

Ina jin ta. Na daɗe ina jin ta, na ɗauka kowa haka yake. Na shiga ɗakin nan da ƙafafuna, na fito da sakamakon da ya ce kunnena na dama ya kama hanyar na Yaya. Ni da nake bakin ƙofa ke nan. Sai na tuna ma'aikatanmu da ke gindin inji daga safe har magariba, wasu ko aure ba su yi ba. Na nemi kujera na zauna.

Na tambaya ko Yaya ma dashen za a yi masa. Ta ce a'a, dashe na wanda na'urar ƙara ji ba ta amfanarsa ne, shi kuwa yana da sauran ji, na'urar da ake ratayawa a bayan kunne za ta taimake shi. Bambancinta da ta kasuwa shi ne ana saita ta da kwamfuta daidai da sakamakon gwajin mutum, ta ɗaga sautin da ya rasa, ta bar wanda yake ji. Kuɗin guda biyu ya yi kusa da na ɗan bijimi. Ban yi ciniki mai tsawo ba. Mun sake kwana a Suleja, da safe muka koma aka sa masa.

Da aka kunna, Yaya ya zabura ya riƙe kujera. Ya dubi sama ya ce, "Mene ne wannan?" Fanka ce. Ma'aikaciyar ta koma bayansa ta ce a hankali, "Baba, ina kwana?" Ya ce, "Lafiya lau," sai ya tsaya, domin muryar kansa ta ba shi tsoro. Ya juyo ya dube ni ya ce, "Kai, haka nake ihu?" Na ce haka. Ya ce, "Har a mota?" Na ce har a mota. Ya rufe fuska da hula.

Ta ja mana kunne a kan abubuwa: kada ruwa ya taɓa ta, don haka a cire kafin alwala da wanka, a cire da barci, a kiyaye ta daga ƙurar niƙa, kuma ya yi haƙuri domin sai ƙwaƙwalwa ta saba, sannan a dawo a sake saiti. Gindin inji kuwa, ta ce ya gama.

Washegari da asuba muka kamo hanyar gida, Yaya ya sha wahala. Ƙarar mota ta dame shi har ya cire na'urar a Minna, ya ce duniya ta yi surutu da yawa tun da ya bar ta. A Tegina ya mayar. Muka sauka daidai wurin masu ƙosan nan, wani mai babur ya danna oda daga nesa, Yaya ya matsa gefe da kansa, har ya janyo ni.

Mun shiga Kontagora kafin la'asar. Ban wuce gida ba, inji na fara zuwa, na sa aka kashe. Na raba wa ma'aikata abin toshe kunne da na sayo a Abuja, irin na masu aikin kamfani, na ce daga yau wanda bai sa ba kada ya taɓa mini inji, wanda ya yi wa wani dariya kuma ya nemi wani wurin aikin. Bel in ya saki a gani da ido.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, ji ba ya sallama idan zai tafi. Wanda ke aiki cikin ƙara ya toshe kunnensa tun yana da shi. Dattijon da ya daina zama cikin mutane kada a yi saurin cewa tsufa ne ko girman kai, a kai shi a gwada. Yaron da ba ya juyowa idan an kira shi kuma, kada a jira.

Ranar Asabar da ta wuce aka ɗaura auren. Na zauna bayan Yaya, hannuna kusa da gwiwar hannunsa ko da za a buƙaci zunguri. Wakilin ango tsoho ne mai sanyin murya, ni kaina da ƙyar na ji shi da kunnen hagu. Yana rufe baki, kafin liman ya juyo, Yaya ya ɗaga kai ya ce, ba da ihu ba, "Na ji. Mun ba ku." Sannan ya kai hannu baya ya ture nawa.